Daga Zangon Damagaram zuwa lambunan Timiya

Ranar da aka ba mu hutun watan Disamba, niyyata in zauna gida in huta gajiyar gyaran takardun yara. Bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida da maƙwabcina, wani Ba'abzine ɗan Timiya mai sayar da lemu da dabino a kasuwar Dole, sai ya ce mini: "Malam, gobe da asuba za ni gida, lemu ya nuna. Kullum kana tambayata yadda garinmu yake. Gani ya kori ji, ka taso mu tafi." Na tambaye shi ko da gaske yake, ya ce wallahi da gaske. Na ce to, a tashe ni.

Ni haifaffen unguwar Zango ne, kuma ita kanta unguwar asalinta masaukin ayarin Abzinawa ce a bayan ganuwar Birni. Na tashi ina ganin raƙuma suna shigowa da kantun gishiri, na ci cuku da dabinon Bilma tun ina yaro, amma iyakar arewata Tanut. In aka ce Abzin, abin da nake hangowa rairayi ne shimfiɗe har iyakar ganin ido, kuma na san yawancin mutanenmu haka suke hangowa.

Kafin in taɓa jaka sai da na shiga ɗakin Inna. Na ce mata za ni Agadas, daga nan in wuce cikin duwatsu. Ba ta tambayi nisa ba, ba ta tambayi kuɗi ba. Cewa ta yi: "Kai da wa?" Da na ambaci maƙwabcin namu, wanda ta san shi ta san iyalinsa, sai ta ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gidansu. Maiɗakina ta haɗa mini bargo, rigar sanyi, kilishi da ƙuli-ƙuli. Maƙwabcina ya leƙo ya duba kayan, ya ce a ƙara bargo na biyu, da rawani, da man kaɗanya saboda fashewar ƙafa da leɓe, da takalmi rufaffe. Ya ce kada in manta katin shaida ko da zan manta komai. Tsaraba kuma shi ya zaɓa mini: ganyen shayi, sukari, da turmin atamfa na tsohuwarsa. Shirin ke nan, bai kai awa biyu ba.

Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne. Babbar motar fasinja ta tashi bayan sallar asuba, gari ya waye mana muna cikin Damargu. An gama girbi, gonaki sai kara, rumbuna cike a gefen ƙauyuka. Can na fara ganin raƙuma birjik a cikin gonaki suna cin kara, ga mutane masu baƙin rawani zaune gefe kusa da kaya a jibge. Maƙwabcina ya taɓa ni ya ce: "Ka ga mutanen garinmu can." Sai ya warware mini abin da nake gani tun ƙuruciya ban taɓa haɗa shi wuri ɗaya ba. Mazan Kel Ewe na Timiya da kewayenta suna tashi wajen watan Oktoba, su ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma da gero a bayan raƙuma, su sayo gishiri da dabino. In sun dawo sun huta kaɗan, sai su gangaro kudu, Damargu da Damagaram, wasu har ƙasar Kano, su sayar da gishirin su sayi hatsin shekara. Raƙumansu su ci karan gona, mai gona ya samu taki. Sai gab da damina suke komawa gida. Ashe a daidai lokacin da nake hawa zuwa garinsu, su suna sauka a namu.

Daga an wuce Tanut gona take ƙarewa. Sai fili da ƙaya, rijiyoyi nesa da juna, Bararoji da jajayen shanunsu masu dogon ƙaho. Muka yi azahar a Adarbisanat, muka gangara gangaren Tigidit da yamma. A kowane shingen jandarma kowa ya sauka, a karɓi kati a duba fuska, a koma mota. Magariba ta yi mana a bakin Agadas.

A nan na fara koyon yadda tafiyar cikin duwatsu take. Babu motar da ke da ranar tashi ko lokacin tashi zuwa Timiya. Akwai dai wurin da motocin Abzin ke lodi, ka je ka tambaya wa zai hau, yaushe kayansa za su cika. Ƙanen maƙwabcina yana tuƙa wata Toyota mai buɗaɗɗen baya, da ita za mu, amma sai simintin wani mai gini ya iso. Na yi amfani da jiran na zaga tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Hasumiyar babban masallaci ta laka ce zalla, tsawonta mita 27, itatuwa sun tsattsago daga jikinta ta kowane gefe, su ne matakan masu yaɓe in za a gyara ta. An gina masallacin wajen 1515, aka sake gina shi a 1844. Na hau ta wata matattakala matsattsiya da sai ka sunkuya, daga sama na hango duwatsun Abzin a arewa, shuɗi-shuɗi. Hausa ake yi a kasuwa da tasha da ko'ina, ban ji baƙunta ba ko kaɗan.

Abin da ya taɓa ni a Agadas shi ne maƙeran azurfa. Kaya ga su nan masu kyau, mai saye babu. Wani dattijo a cikinsu ya ce da can Turawa kan cika garin da sanyi. Tawayen Abzinawa na farko ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, baƙi suka fara dawowa, sai na biyu ya ɓarke daga 2007 zuwa 2009, aka binne nakiyoyi a wasu hanyoyin arewa, kasuwar yawon buɗe ido ta mutu. Bature in zai shiga duwatsu sai da rakiyar soja. Mu 'yan ƙasa direba ne ke rubuta sunayenmu a takarda ya miƙa a shingen fita gari. Duk da haka, na lura ƙanen nan bai ɗaura kaya ba sai da ya zaga ya tambayi direbobin da suka sauko jiya da shekaranjiya halin da hanya take ciki. Wannan tambayar ita ce ainihin takardar izinin tafiya, kuma wanda ba ɗan wurin ba ba zai san wa zai tambaya ba.

Lodin ya haɗa buhunan shinkafa, kwalayen taliya, siminti, jarkokin mai, tayoyin ko-ta-kwana biyu, shebur, da wasu faranta biyu na ƙarfe dogaye masu huji-huji da ban san amfaninsu ba tukuna. A gefen mota an rataye salka cike da ruwa, iska na bugunta tana sanyaya shi. Mata biyu da jariri aka sa gaba, mu maza muka hau kan kaya, kowa ya naɗe fuskarsa.

Timiya ta fi kilomita 200 daga Agadas, kuma babu kwalta ko taku ɗaya. Da farko hanya tana bin kwarin Telwa, wanda a lokacin busasshe ne ƙayau, sai goruba da bagaruwa a gaɓarsa. Wani fasinja ya nuna mini faɗinsa ya ce kada rairayin nan ya ruɗe ni, shi ne ya cika ya fasa a watan Satumba na 2009 ya rushe gidaje masu yawa a Agadas. Ruwan da ya sauka kan duwatsu ba ya samun ƙasar da zai nutse, gaba ɗaya yake gangarowa kwari, wani lokaci ma ba ka ga hadari ba sai dai ka ji rugugi. Muka wuce lambunan Dabaga, muka wuce Elmiki inda aka daɗe ana haƙar kuza, daga nan duniya ta canza. Duwatsu baƙaƙe ƙirin, wasu tulin-tulin, wasu a tsaye da kaifi, fili guda cike da baƙin tsakuwa har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Waya ta daina kamawa. Za ka yi tafiyar awa ba ka ga mutum ba, sai can ka hango yarinya ita kaɗai da garken awaki a gindin dutse, ta ɗaga hannu, direba ya tsaya ya cika mata gorarta da ruwa. Ban ga ya wuce kowa ba tare da ya tsaya ba.

Tuƙin wurin sana'a ce daban. In za a shiga rairayin kwari, yaron mota ya sauka ya rage iskar tayoyi don su baje. In an fito kan dutse, a tsaya a sake bugawa da famfon hannu, in ba haka ba kaifin dutse ya yanka su. A wani kwari mai laushi muka kafe har gindin mota ya zauna. Ba wanda ya ɗaga murya. Kowa ya diro, aka tone rairayin gaban tayoyin baya da shebur da hannu, aka cusa farantan nan na ƙarfe a ƙarƙashinsu, muka kafa kafaɗa. Mota ta hau faranti ta yi tsalle gaba, ta sake nutsewa. Aka ciro faranti aka kai gaba, aka sake. Haka muka riƙa yi, tsawon faranti bayan tsawon faranti, har muka kai ƙasa mai tauri. Hannuna ya yi kanta, amma na ji daɗin cewa ni ma na sa nawa ƙarfin.

Dare ya same mu a hanya, direba ya ce ba ya tuƙin dare a nan. Muka sauka a kan gaɓar wani kwari, bayan wani dutse da ke tare iska. Aka tsinto busassun itatuwan ƙaya aka hura wuta a kan rairayi mai tsabta. Maƙwabcina ya kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri a ƙwarya, ya daɗe yana murza shi, sannan ya baje shi da faɗi. Da wuta ta ci ta zama garwashi, ya ture garwashin gefe da sanda, ya buɗe rami a rairayin da ya yi zafi, ya ɗan wuce da reshe mai wuta a kan kwaɓin don fatarsa ta bushe kada rairayi ya manne, ya kwantar da shi, ya rufe da rairayi da toka, ya mayar da garwashi a kai. Bayan wani lokaci ya tone ya juya ɗaya gefen. Da ya ciro ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji sautin, ya kakkaɓe, ya kankare da wuƙa, ya ɗauraye da ɗan ruwa. Tagella suke ce masa. Muka gutsuttsura shi a babban kwano tun yana ƙona yatsa, aka zuba miyar tumatir da albasa da man shanu. Ban ji ƙwayar rairayi ko ɗaya a haƙorina ba. Bayan nan shayi, zagaye uku, ba gaggawa.

Sanyin daren nan ban taɓa jin irinsa ba. Hunturun Damagaram iska ce da ƙura, wannan kuwa shiga ƙashi yake yi. Bargo biyu da rigar sanyi da rawani, duk da haka na kasa miƙe ƙafa. Da asuba sai da aka ɗora buta kusa da garwashi kafin mu iya alwala, kuma kowa da ɗan ruwan da bai fi cikin kofi biyu ba ya yi tasa. Ba wanda ya ce a yi tattali, kowa ya san abin da ke cikin salka da nisan rijiya ta gaba.

Da hantsi muka hau wani tudu, muna juyowa sai ga kore. Dabino da itatuwan lemu sun cika gaɓar kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu biyu, lemun ya nuna har yana rinjayar rassa. Na yi ta tasbihi ban sani ba. Ga gidajen laka, ga bukkokin tabarmar kaba a tsakar gidaje, waɗanda aka ce mini na mata ne, mace ke da ɗakinta. Kafin mu shiga gida na ga maƙwabcina ya ja rawaninsa ya rufe har kan hanci, don zai gaida manya. Tsohuwarsa ta karɓe ni da Hausa tsaf: "Sannu ɗana, kun sha hanya. Ina Innarka?" Aka kawo mini wani abin sha na gero da dabino da cuku da aka daka tare aka dama da ruwa. Shi ne guzurin masu ratsa Tenere, kuma kofi ɗaya ya riƙe ni har la'asar. Garin kuwa mata ne da yara da tsofaffi da masu lambu, sauran suna kudu.

Inda na fi daɗewa shi ne lambun kawunsa, wani dattijo da har yanzu raƙumi ke ja masa ruwa. A bakin rijiya an kafa itatuwa biyu sun ɗan karkata kan ramin, da ƙarfen juyi a sama da wani gungume mai juyawa a ƙasa. Gugan fata ne babba, yana da dogon baki a gindinsa. Igiya biyu ce: babbar tana riƙe da guga, ƙaramar tana riƙe da bakin nan a naɗe sama don kada ruwa ya zube a hanya. Jikansa, yaro ɗan shekara goma ko ƙasa da haka, yana jan raƙumin a wata 'yar hanya da ƙafa ta riga ta fafe. In raƙumi ya kai ƙarshenta, guga ya iso sama, ƙaramar igiya ta miƙar da bakin, ruwa ya kwarara cikin kututturen dabino da aka fafe, ya bi lambatu. Yaro ya juyo da raƙumi, guga ya koma. Ba mai taɓa gugan da hannu. Dattijon yana can ƙasa da 'yar fartanya, ya buɗe wa wannan fangali ya toshe wancan da laka. Tun fitowar rana suke yi har ta take. A wannan ɗan fili akwai lemun zaƙi, lemun tsami, garehul, rumman, ɓaure, inabi, a ƙarƙashinsu alkama da tafarnuwa da albasa da tumatir.

Maƙwabtansa duk sun koma injin ban ruwa, ƙararsu ta cika kwarin. Na ce: "Baba, me ya hana ka saya?" Ya ce ba ƙin ci gaba yake ba, inji ya sa mutane sun faɗaɗa gona sun samu kuɗin albasa, wasu har sun je Makka. Amma raƙumi in ya gaji yana tsayawa, rijiya ta samu ta dawo, inji kuwa sai mai ya ƙare. Ya nuna mini alamar inda ruwa yake tsayawa a rijiyarsa lokacin yana saurayi, da inda yake yanzu, tazarar ta fi tsayin mutum. Ban ga laifin masu inji ba, don na ga yawan bakin da kowane lambu ke ciyarwa, kuma yaron da ke bin raƙumi ya kamata a ce yana aji. Amma maganar dattijon gaskiya ce. Duk koren nan ruwan 'yan kwanakin damina ne da rairayin kwari ya ɓoye, ba wani kogi a ƙasa.

Sun kai ni magangarar ruwan da ke 'yar tafiya kaɗan daga gari, inda ruwa ke zubowa daga baƙin dutse cikin wani tafki mai sanyin ƙanƙara. Na hau tudun da Faransawa suka gina ƙaramin barikinsu a kai, na ga garin gaba ɗaya da zirin lambunansa. Wata rana kuma muka bi mota zuwa kufan Asode a arewa, wanda a da shi ne babban birnin Abzin. Bangayen dutse, sauran masallaci, fasassun tukwane a ƙasa, ba kowa. Garin ya riga ya fara mutuwa tun kafin zuwan Turawa, yaƙin Kawsan ya ƙarasa shi. Kawsan, wani jagoran yaƙin Abzinawa, ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 da goyon bayan Sarkin Abzin Tegama, kuma rundunar da ta zo ta karya ƙawanyar daga Damagaram ta taso. Abin da ya biyo baya kisa ne da kwashe dabbobi da korar mutane daga duwatsu. Ina koyar da wannan a aji, layi biyu ne a littafi. A Timiya kuwa tsofaffi suna faɗin sunayen kakanninsu da abin ya ci.

Namun daji ban ga da yawa ba: barewa biyu da suka gilma mana, da birai a kan duwatsu kusa da lambuna. Gabashin duwatsun da yammacin Tenere gandun daji ne na hukuma, fiye da murabba'in kilomita 77,000, UNESCO ta karɓe shi a 1991, shekara ɗaya bayan nan ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Direbanmu ya ce mahaifinsa ya sha ganin jiminai a wuraren nan, shi bai taɓa gani a sake ba.

A dawowa lemu ne lodinmu. Na taya su tsinka, a jera a kwali a sa busasshiyar ciyawa tsakani, a ɗaure. Duk wanda ya zo sallama da mu, bayan saƙon gaisuwa ga 'yan'uwa a kudu, maganar hanya yake yi, su ce: "Malam, ku da kuke rubutu, ku faɗa." Na gane dalili da muka isa Agadas aka kwance kaya. Kwalayen ƙasa sun sha girgizar dutse da nauyin na sama, lemu da yawa ya fashe, wani ya yi laushi. Maƙwabcina ya tsuguna yana warewa, mai kyau gefe ɗaya, na bayarwa gefe ɗaya, dillalai tsaye a kansa suna taya masa da arha don sun san ba zai iya mayar da shi ba. Ya sayar da rabi a nan ya biya kuɗin mota, sauran muka sa a ƙarƙashin motar Damagaram da ke tashi da asuba.